Ina Son Rage Ƙiba Amma Bakina Ya Ƙi Hutawa: Tambayoyi Da Amsoshi Kan Kwaɗayi Da Ciye-ciye

Duk wanda ya taɓa ɗaura niyyar rage ƙiba ya san tuwo ba shi ne babban abokin gaba ba. Tuwo a fili yake, ana iya cewa a rage malmala. Wahalar tana wajen na tsakani: awarar la'asar, gyaɗar da ake ɓarewa ana hira, cincin ɗin da ya rage daga biki, lemon da aka kawo wa baƙo ya bar rabi. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu wannan fama. Wasu mata suka fi yin su, wasu maza, shi ya sa za a ga "ki" a nan, "ka" a can.

Ta yaya zan gane yunwa ce ko kwaɗayi?

Tambayi kanka: da za a ajiye min ɗumamen tuwo da miyar kuka yanzu, zan ci? In za ka ci, yunwa ce, tashi ka nemi abinci na gaske. In kuwa ranka ya ce a'a, tsire nake so, mai zafi, da albasa da yaji, to kwaɗayi ne. Yunwa a hankali take zuwa, ba ta da zaɓe, kuma a ba ta a huta. Shi kwaɗayi farat ɗaya yake faɗowa, da sunan abin da yake so a bakinsa, kuma galibi akwai abin da ya tsokano shi: ƙamshin suya a bakin titi, hoton abinci a waya, ko kuwa lokacin da ka saba ci ne ya yi.

Wannan na ƙarshen yana da tushe a jiki. Ciki na fitar da wani sinadari mai suna girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999, shi ke sanar da ƙwaƙwalwa lokacin ci ya yi. Yana bin agogon da ka saba masa. In kullum ƙarfe huɗu kake aika yaro sayo fanke, ƙarfe huɗu na yi zai buga maka ƙofa ko da ka ci da rana ka ƙoshi. Mai azumi shaida ne: ranakun farko da azahar ciki kamar zai yi magana, bayan sati guda sai ya haƙura. Abin da aka koya wa ciki ana iya sauya masa shi.

Da rana ina daurewa, wani lokaci ko kari ba na yi. Amma bayan isha'i sai in ci duk abin da na samu. Me ke damuna?

Bashi ne, ba rashin zuciya ba. Tun safe kike cin bashin jikinki, da dare ya zo karɓa, kuma ba ya tafiya sai da riba. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, don mafi yawan masu kukan kwaɗayin dare yunwar rana ce ke cin su ba su sani ba.

An taɓa gwada abin a kan mutane. Daga 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, wani masani Ancel Keys ya tara lafiyayyun samari 36 da suka yarda da kansu, aka rage musu abinci zuwa kusan rabi har tsawon wata shida. Mutanen da a da abinci bai dame su ba suka koma ba su da zance sai nasa. Suna mafarkinsa, wasu suka shiga tara littattafan girki, suna jan cin ɗan abin da aka ba su na tsawon lokaci don kada ya ƙare. Da aka sake su, wasu suka riƙa ci har ya sa su ciwo, kuma ba su ji sun ƙoshi ba. Ba 'yan kwaɗayi ba ne tun asali, horon yunwa ne ya mai da su haka. Ke da kike shan ruwan shayi da safe, ki tsallake rana, ƙaramin irin wannan gwajin kike yi wa kanki kullum.

Maganin yana da ban haushi don ya saɓa wa abin da kike zato: ki ƙara ci da rana. Ki karya da abin da ke zama a ciki, kamar dafaffen ƙwai biyu, ko alala, ko wake, ko kindirmo da 'yar fura ba tare da an tula sukari ba. Da rana in garau-garau ne, wake ya rinjayi shinkafa, mai cokali ɗaya, a yanka latas ko kabeji da tumatir su cinye rabin faranti. Abinci mai gina jiki irin su wake, ƙwai, kifi, nama da nono ya fi daɗewa yana riƙe mutum a kan burodi da taliya. Ki yi haka kwana bakwai ki lura da darenki. Sannan ki ba kicin lokacin tashi: an ci na dare, an wanke kwanuka, kin yi asuwaki ko buroshi, an rufe. Bakin da aka wanke yana ƙyuyar sake ɓaci.

Ɗan tanɗe-tanɗe ne fa, ba wani abin kirki nake ci ba. Shi ma yana sa ƙiba?

Ɗan hakin da ka raina. Bari mu yi lissafi. Ƙarfin da abinci ke ba jiki da kalori ake auna shi, kuma babban mutum yana buƙatar wajen 2,000 zuwa 2,500 a rana, gwargwadon jiki da aiki. Giram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4 ne, giram ɗaya na mai 9. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, ko na gyaɗa ne ko manja, kimanin kalori 120 ne. To duk abin da aka tsoma a kaskon suya, soso ne. Awara kafin ta shiga mai abinci ne mai kyau ƙwarai, waken suya ne zalla. Ƙosai ma wake ne. Man da suka sha ne ya sauya lissafin, balle a sake soya awarar da ƙwai.

Gyaɗa kuma ita ce munafukar cikinsu, don kowa na mata kallon lafiyayya, kuma lafiyayyar ce. Sai dai giram 100, abin da bai wuce cikin gwangwanin madara ba, ya haura kalori 550. Ka zauna kallon ƙwallo da kwalbar soyayyar gyaɗa a gefe, kafin a tafi hutun rabin lokaci ka ci abin da ya kai kwanon abinci, kuma in an tambaye ka za ka rantse ba ka ci komai ba. Tafiyar rabin awa da sauri ba ta ƙona abin da ya wuce kalori 150 ga yawancin mutane. Kowa ya auna da kansa.

Me ya sa in na buɗe ledar biskit ko cincin ba na iya tsayawa sai na ga ƙarshenta?

Don haka aka haɗa su. Fulawa, sukari, mai da ɗan gishiri a wuri guda, ga garɗi, ga narkewa a baki ba tare da wahalar tauna ba. Rake ma zaƙi gare shi, amma muƙamuƙi kan gaji. Cincin ba ya gajiyar da kowa.

A 2019 Kevin Hall da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka sun kwantar da mutum 20 wata guda. Sati biyu ana ba su abincin da masana'anta ta sarrafa sosai, sati biyu kuma wanda aka dafa daga ɗanyen kaya, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A satin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A ɗaya ɓangaren suka rage kusan kilo ɗaya, ba wanda ya ce musu su rage. Mutanen ɗaya ne, zuciyarsu ɗaya, abin da ke gabansu ne ya bambanta.

Saboda haka kada ki ci daga cikin leda ko bokiti. Ki ɗebi abin da kika yanke a ɗan kwano, ki ƙulle sauran, ki kai shi inda sai an taka kujera, ki zauna ki ci ba waya a hannu. Mafi sauƙi ma kada ya shigo gidan. Haƙuri sau ɗaya a shago ya fi haƙuri sau ashirin a ɗaki.

Na rage abinci sosai amma sikeli bai motsa ba. Ko abin sha ne?

Sau da yawa shi ne. Lemon kwalba irin su Coca-Cola na ɗauke da sukari wajen giram 10 a kowace mililita 100. Robar rabin lita ke nan ta haura giram 50, kimanin cokalin shayi 13. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a yini, wato wajen giram 50 ga babba, in da hali ma a tsaya a 25. Roba ɗaya ta cinye kason yini. Lemon malt da ake kai wa maras lafiya da mai jego shi ma bai gaza haka ba. Ba banza ba Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a 2022, ko da yake ban ga wanda naira goma ta hana sha ba.

Matsalar ruwan zaƙi ita ce ciki ba ya lissafa shi a abinci. Ka sha, ka kuma ci abincinka cif. Na gida ma ba su tsira ba. Zoɓo da kansa kusan ba shi da kalori, sukarin da mai sayarwa ta zuba ne abin ji. Kunun aya an haɗa aya, dabino da kwakwa, wani lokaci har da madara da sukari, abinci ne a roba. Shayin teburin mai shayi, madara da Milo da sukari har cokali ya kusa tsayawa, shi ma haka. Masu shayin Buzaye a majalisa, daga Agadez har Kano, su kan ce ai ɗan kofi ne. Ɗan kofi ne, amma a leƙa abin da ake zubawa a butar, sannan a ƙirga zagaye uku, safe da yamma.

Kada ka yanke lokaci ɗaya in ba za ka iya ba. Mai cokali huɗu ya koma uku na sati biyu, sannan biyu. Harshe na sabawa, har wata rana ka kurɓi irin na da ka ji ya yi maka yawa. Lemo maras sukari yana iya zama matakala ga wanda ya saba roba biyu a rana, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kada a dogara da kayan zaƙi na madadin sukari a matsayin hanyar rage ƙiba.

To in abin ya taso, me zan sa a baki?

Fara da ruwa, ka jira minti 15 kana wani aiki da hannu. Kwaɗayi yana hawa ne ya sauka, kuma sau da yawa kafin lokacin ya cika ka manta. In yana nan, ka ci abin da ke da girma a ido da aiki a baki: kankana, gwanda, gurji, kokwamba, yalo, karas, goba, ɓararren lemon zaƙi a ci da totuwarsa maimakon a matse. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli daidai misali. Dafaffen ƙwai. Gasasshiyar masara ɗaya. Gugguru wanda ba a yi masa wanka da sukari ba. Aya, wadda tauna ta kaɗai aiki ce. Gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya, kuma mai ɓawo ta fi, don ɓarewar na rage sauri kuma tulin ɓawon na gabanka yana ba da shaida.

Sai na bar alkaki da tsire har abada ke nan?

A'a. Abin da aka ce haramun ne gare ka har abada shi zuciya ke kwana da shi. Ka ba shi rana da ƙa'ida: tsire ran Juma'a, tsinke biyu, a zaune, da kabeji da tumatir, a madadin abincin dare ba ƙari a kansa ba. Wanda ya san Juma'a na zuwa ya fi iya wuce mai tukuba ran Talata.

Ni ce mai girki. Kafin in sauke tukunya na ƙoshi, kuma ba na iya ganin ragowar yara ta lalace.

Wannan ciwon iyaye mata ne da ba a cika faɗa ba. Ɗanɗanon gishiri ya zama yankan nama biyu, dankalin da ya fara soyuwa ya bi, ƙanzo ya bi, sannan a zauna a ci da maigida. Bayan nan Indomie ɗin da auta ya bari, don zubar da abinci ba kyau. Gaskiya ne ba kyau. Amma cikinki ba shi ne kwandon da ya dace ba, abincin da jiki ba ya buƙata ko an haɗiye shi an yi asararsa. Ki rage abin da kike zuba wa yara, in sun cinye a ƙara. Ragowa mai tsabta ga almajiri a ƙofa, ga firji, ga kaji.

Wajen girki kuma kada ki shiga kicin da yunwa. Romo kawai ake ɗanɗana, a bakin cokali. Wasu na tauna cingam ko su riƙe asuwaki a baki har su sauke, kuma dabarar na aiki. Mai kuwa a daina tuttulawa daga galan, a auna da cokali. Gidan gaba ɗaya zai amfana, aljihun maigida ma haka.

A kasuwa nake wuni. Kowane mai talla sai ya tsaya a rumfata.

Sun san ka ne, kai ma ka san su. Mai fura ƙarfe sha ɗaya, mai awara bayan azahar, mai dambun nama da la'asar, kuma ga kuɗi a aljihu. Ka zaɓi guda ɗaya a cikinsu ya zama naka na rana, sauran ku gaisa. Ka ci abincin rana na gaske a kan lokaci maimakon tsinte-tsinte, ka ajiye gorar ruwa kusa da ƙafarka. Lissafa kuɗin da ke tafiya a waɗannan a sati ɗaya, ka rubuta. Ɗan kasuwa ya fi jin zafin lamba a kan wa'azin likita.

Biki, suna, gidan surukai. Yaya zan ƙi tayi ba a ce na yi girman kai ba?

A wurinmu abinci magana ce, ƙin sa ma magana ce. Ga kuma masu cewa "Lafiya kike ramewa haka? Ko ba ya ba ki abinci ne?", don har yanzu da yawa na ganin ƙiba alamar hutu ce. Ba sai kin yi wa kowa lacca ba. Ki karɓa hannu biyu, ki sa albarka, ki yaba girkin, ki ci kaɗan a hankali. In Hajiya ta matsa, "Wallahi Hajiya na ƙoshi, amma a ƙunsa min in tafi wa yara da shi" ba ta taɓa ɓata wa kowa rai ba. In hawan jini ko ciwon sukari na danginku, ki faɗa, ana jin wannan.

Kada ki wuni da yunwa don kina tanadin ciki saboda biki, nan ne ake yin ɓarna. Ki ci wani abu kafin ki fita. A wurin ki zaɓi abu ɗaya da ya cancanta, in waina ce waina, ki bar lemo. Haɗarin gaske ma ba a wurin bikin yake ba, yana cikin ledar da aka dawo da ita gida. Alkaki, nakiya da dubulan an yi su ne don su daɗe ba su lalace ba, shi ya sa kayan gara ke sati uku a ɗaki ana gutsura. Ki rabar a ranar.

Maza masu ci a tire ɗaya kuma, saurin abokin ci ne ke jan ku. Saƙon ƙoshi yakan ɗauki kimanin minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa, tiren kuwa a minti bakwai an sharce shi. Ka ƙanƙanta loma, ka tsame hannu kafin a kai ƙarshe.

Da gaske rashin barci na sa ci?

Da gaske. A wani bincike na Jami'ar Chicago da aka wallafa a 2004, samari 12 da aka bar su barcin awa huɗu kacal dare biyu, sinadarin yunwa ya hau musu da kashi 28 cikin 100, na ƙoshi mai suna leftin ya sauka da kashi 18, kuma abin da suka fi marmari shi ne zaƙi da sitaci. Ƙara da cewa wanda ke farke ƙarfe ɗaya yana latsa waya yana da awa uku na zirga-zirga zuwa firji da mai barci ba shi da su. In za ka tashi asuba, to daren ne za ka rage wa hira.

Ina azumi amma kullum bayan ƙaramar salla sai in ga na ƙara nauyi.

Dubi faifan buɗa-baki: ƙosai, soyayyen dankali, doya da ƙwai, kunu da sukari, zoɓo, lemo. Kusan komai ya bi ta mai ko sukari, kuma ana aukawa ne da yunwar awa sha huɗu. Sannan a ci tuwo bayan tarawihi, a yi ta taɓe-taɓe har sahur. Ka buɗe baki da ruwa da dabino uku, ka tashi ka yi magariba. Wannan 'yar tazarar kaɗai tana kashe rabin zafin. Ka dawo ka ci abinci ɗaya na sosai, abin suya kala ɗaya. Da sahur a nemi mai riƙe ciki, wake ko ƙwai ko nono.

Ma'aunin ma muna da shi tun tuni a hadisin da Tirmizi ya ruwaito: kashi ɗaya cikin uku na ciki don abinci, ɗaya don abin sha, ɗaya don numfashi. Kowa ya haddace shi, faifan ne ke mantar da mu. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin kuwa, ko azumin farilla ne ko na rage ƙiba, sai ya ga likitansa tukuna, don sukari na iya faɗuwa ya kai ga suma.

Ina da olsa, an ce kada in bar cikina ba komai. Ya zan yi?

Wa ya ce kina da ita, gwaji ko maƙwabciya? Mutane da yawa sun shekara goma suna ciye-ciye da sunan olsar da ba a taɓa aunawa ba. Yawancin gyambon ciki na gaske ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori ke kawo shi, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen, dikulofenak da asfirin. Likitocin Ostareliya biyu da suka gano ƙwayar, Barry Marshall da Robin Warren, sun samu kyautar Nobel a 2005. Ana gwada ta, ana kuma kashe ta da haɗin magunguna na kimanin sati biyu. Biskit da madara lallashi kawai suke yi. In kuma ƙwarnafi ne, cin dare a kwanta da tumbi su ke ƙara shi. Ki ci sau uku a kan lokaci, ki je a auna. Baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini kuwa ba na jira ba ne, asibiti a ranar.

Shayin rage tumbi da ake talla a waya fa? Da allurar nan da ake magana?

Da yawan waɗannan shayin ganyen filasko ne ko danginsa, wato maganin wankin ciki. Za ki yi ta zawo, sikeli ya sauka, ki yi murna, alhali ruwa ne ya fita, kitsen na nan. Daɗewa a kansa na rage gishirin jikin da zuciya ke buƙata. Wasu kuma an sha kama su da sinadarin sibutiramin a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Allurar semagulutayid, da ake sayarwa da sunan Ozempic ko Wegovy, ita magani ce ta gaske, sau ɗaya a sati, kuma tana rage son ci sosai. Amma ta likita ce, tana da tsada, tana sa tashin zuciya, ba a ba mai ciki, kuma yawancin waɗanda suka daina nauyin na dawo musu. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabunta. Wadda aka turo miki a ɗan sahu daga mai talla a Instagram, ba ki san me ke ciki ba.

In raina ya ɓaci, ko al'ada ta kusa, sai in ji ba abin da nake so sai zaƙi.

Na kafin al'ada sananne ne, sauyin sinadaran jiki ne, kuma kwanaki ne ya wuce. Ki san ranakun, ki ƙara ɗan abinci na gaske, ki tanadi dabino ko ayaba maimakon ki tsinci kanki a shago.

Na ɓacin rai ya fi wuya, don abincin yana aiki, na minti goma. Ki riƙe ɗan littafi sati biyu kina rubuta lokaci, abin da kika ci, da abin da ya faru kafin nan. Za ki ga zaren: bayan waya da wance, ranar da ba girkinki ba, lokacin da gida ya yi shiru. In kin gane mai aiko shi, sai ki tanadar masa wani abin: alwala, fita tsakar gida, kiran 'yar'uwa, wanki ma.

Jiya na ɓata komai. Yau in wuni ba ci don in rama?

Kada ka soma, nan ne zagayen ke komawa farko: horo, ɗura, nadama, horo. Ka karya yau kamar kullum. Kilo ɗaya na kitse ya kai wajen kalori 7,700, ba a tara shi a dare ɗaya. Ƙarin da ka gani a sikeli da safe ruwa ne da gishiri da abincin da bai gama wucewa ba. Ragin da likitoci ke so rabin kilo ne zuwa ɗaya a sati, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, wato kilo 4 da rabi zuwa 9 ga mai kilo 90, ya isa ya taɓa hawan jini da sukari. Ka hau sikeli sau ɗaya a sati, ka kuma auna ƙugu da zare: ana so kada ya kai rabin tsayinka.

Yaushe abin ya wuce kwaɗayi, ya zama na asibiti?

In kana cin abinci mai yawan gaske cikin ɗan lokaci, kana jin ba ka iya tsayawa, a ɓoye, ka biyo da kunya da tsanar kai, kuma hakan na faruwa aƙalla sau ɗaya a sati har wata uku, wannan ciwo ne mai suna a likitance, kuma sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na manyan asibitoci na duba shi. Haka in ana ƙaƙaro amai ko shan maganin zawo bayan ci. Yunwa mai tsanani tare da ƙishirwa, yawan fitsari da rama ba dalili alamun ciwon sukari ne, a auna jini.

A duba magungunan da ake sha ma. Deksametason da furednisolon, da sifuroheftadin da ke cikin haɗin da ake kira sha-ka-fashe, da wasu magungunan taɓin hankali, duk suna buɗe ciki, kuma allurar tazarar haihuwa ta wata uku na ƙara wa wasu mata nauyi. Kada a yanke ko ɗaya da ka, musamman deksametason da danginsa in an daɗe ana sha, don tsayar da su farat ɗaya na da haɗari. A kwashi kwalayen a kai wa likita ya gani. Mai ciki, mai shayarwa da yaron da bai gama girma ba, su ma ba a sa su a tsarin rage ƙiba sai da ma'aikacin lafiya.